Cinikin Biri a Sama: Yadda Ake Sayar da Iska da Sunan Katifa a Kudancin Kaduna

Duk wanda ya tsallake gadar kogin Kaduna ya kama Titin Kachia, ya bar Barnawa a hannu ɗaya da Kakuri a ɗaya hannun, ya ratsa Television har ya dangana da Sabon Tasha, ba zai rasa ganin katifu jingine a ƙofofin shaguna ba. An jera su kamar allunan almajirai, kowace a cikin ledarta, yadi mai furanni yana ɗaukar ido, an yi wa gefuna ɗinkin kwalliya. Cinikinsu kuwa kusan kullum tafarki ɗaya yake bi. Mai saye ya tambayi girma: shida da shida ce, ko shida da huɗu da rabi? Ya tambayi kauri: inci nawa? Ya tambayi kuɗi. Sai ya ɗora tafin hannu ko gwiwa a kan leda ya danna, ya gyaɗa kai kamar wanda ya gano wani sirri, a ɗaure masa kaya a kan Keke Napep, ya nufi Narayi ko Unguwan Romi yana ganin ya yi sayayyar basira.

Wannan mutum, idan ya shiga Kasuwar Monday ta Kakuri sayen shinkafa, sai ya cusa hannu har tsakiyar buhu ya ɗebo ya duba. Idan ragon layya zai saya, sai ya buɗe masa baki, ya shafa gadon baya, ya ɗaga wutsiya. Matarsa ba za ta karɓi ɗan kunnen gwal ba sai an ɗora shi a sikeli a gaban idonta. Amma abin da zai kwanta a kansa sa'a bakwai kowane dare, wato sa'a 2,555 a shekara, yana sayensa a rufe, a ɗinke, bai san abin da ke ciki ba, kuma babu wata takarda da ta gaya masa. Hausawa sun daɗe da raɗa wa irin wannan ciniki suna: cinikin biri a sama. Bai kamata a ci gaba da haƙuri da shi ba, domin maganinsa bai fi layi huɗu na rubutu da sikeli ɗaya ba.

Abin da ke cikin ledar

Katifar da ta cika kasuwannin Nijeriya ta soso ce, kuma soson nan ɗan masana'anta ne. Asalinsa sinadarin foliyuritan, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Jamus a 1937. Ana haɗa ruwan sinadarai biyu, foliyol da wani da ake kira TDI, a zuba ruwa kaɗan. Ruwan nan shi ke haifar da iskar da ke kumbura haɗin kamar yadda yis ke kumbura burodi. Idan ya tashi ya daskare, sai a yanka shi gunduwa-gunduwa, a sa masa riga. Mai masana'anta yana da ikon sa haɗin ya kumbura sosai ko ya kumbura kaɗan. Idan ya kumbura sosai, sinadari kaɗan zai ba da soso mai yawa. Riba ta ƙaru, inganci ya ragu. Kusan kowane soso na katifa, mai kyau da marar kyau, fiye da kashi 95 cikin ɗari na jikinsa iska ne. Ɗan abin da ya rage shi ne mai saye ke biyan kuɗinsa, kuma shi ne ke ɗaukar nauyin jikinsa.

Ma'aunin wannan ɗan abin shi ake kira densiti: nauyin soson da zai cika akwatin da tsawonsa, faɗinsa da zurfinsa kowanne mita ɗaya ne. A cikin duk lambobin da suka shafi katifar soso babu wadda ta fi wannan nuna tsawon kwananta. Masu sana'ar a Amurka kan ambaci abin da ya yi daidai da kilo 29 a matsayin inda soson katifa mai ƙarko yake farawa. Soso mai kilo goma sha wani abu yana da bangayen ƙwayoyi sirara. Ana kwana a kansa suna karyewa, tun ana ganin ɗan gurbi har ya zama rami, mata da miji su riƙa gangarowa tsakiya ko sun yi faɗa.

Lissafin ba ya buƙatar digiri. Katifa mai ƙafa shida da shida, kauri inci goma, tana cin kusan kashi 85 cikin ɗari na wancan akwati. Idan densitinta 29 ne, nauyin sosonta zai kusan kilo 25. Idan 20 ne, kilo 17. Idan 16 ne, bai kai kilo 14 ba. Yanzu a ɗauko katifar da ake alfahari da ita, mai inci ashirin, wadda sai an yi tsalle ake hawa. Idan an yi ta da soso mai densiti 14, duk tsayin nan nata nauyinta bai cika kilo 24 ba. Ma'ana, katifa mai inci goma ta gari ta fi ta yawan sinadari. Inci goman da aka ƙara, wanda aka biya kuɗinsa aka kuma sha wahalar shigar da shi ta ƙofar ɗaki, iska ce tsagwaronta.

Duk da haka a bakin shago inci ake ciniki, domin inci ido ke gani. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam bai san komai ba. Dannawa da hannu ma ba ta fi shi ba, saboda tauri da densiti abubuwa ne guda biyu. Ana iya sarrafa soso marar nauyi ya fito da tauri kamar ƙatako ranar da aka saye shi, ya saki bayan 'yan watanni. Ana iya yin soso mai nauyi ya fito da laushi, ya yi shekaru bai lotsa ba. Mai danna katifa da gwiwa yana auna halinta na yau ne kawai, alhali abin da yake buƙatar sani shi ne halinta bayan damina uku.

Akwai kuma dabarar da ta sa ko ɗaga katifa a ji nauyinta bai wadatar ba. Ana iya zuba garin alli, wanda masana ke kira kalsiyam kabonet, a cikin haɗin. Garin yana da araha ƙwarai idan aka gwada shi da foliyol, yana ƙara nauyi da tauri, amma idan ya yi yawa soson kan rasa dawowarsa, ya riƙa marmashewa. Saboda haka katifa marar nauyi tabbas ba ta da kirki, amma mai nauyi ba lalle ta zama ta kirki ba. Wannan ne ya sa mai saye, komai wayonsa, ba zai iya kare kansa shi kaɗai ba. Bayanin yana hannun wanda ya haɗa sinadarin, kuma sai an tilasta masa zai fitar da shi.

Kalmar da ta fi kowace tsada

“Yallaɓai, wannan otofedik ce, ko likita a kanta yake kwana.” Da wuya a yi cinikin katifa da mutumin da ya haura shekara arba'in ba a ji makamancin wannan zance ba. Kalmar ta samo asali ne daga fannin likitancin ƙashi, kuma da zarar an manna ta a gefen katifa farashi ya yi sama. Amma kalmar talla ce. Likita bai duba katifar ba, asibiti bai gwada ta ba. Yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna a Nijeriya gutsattsarin soso ne da aka niƙa, aka gauraya da gam, aka matse da inji har ya zama dunƙule mai nauyi da tauri. Wannan ba laifi ba ne a karan kansa. Soson da aka matse haka, idan an yi shi da kyau, yana daɗewa, yana kuma ɗaukar mai jiki. Laifin yana cikin alkawarin da kalmar ke ɗauke da shi, cewa tauri magani ne.

An gwada wannan alkawari. A 2003 mujallar likitanci ta Lancet ta buga binciken da Francisco Kovacs da abokan aikinsa suka yi a Sifen a kan mutum 313 masu fama da daɗaɗɗen ciwon baya wanda ba a gano masa takamaiman dalili ba. An raba musu sababbin katifu, wasu masu tauri, wasu matsakaita, ba tare da an gaya musu wadda suka samu ba. Bayan kwana 90, waɗanda suka kwana a kan matsakaita sun fi samun sauƙin ciwo a kwance, sun kuma fi iya gudanar da harkokinsu. Bincike ɗaya ba ya rufe ƙofar magana, amma ya isa ya girgiza al'adar da ta mai da tauri aƙida. Jikin mutum ba allo ba ne: kafaɗa da ƙugu suna buƙatar su ɗan nutse domin ƙashin baya ya miƙe, musamman ga mai kwana a gefe.

Batun ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma shi ne kan gaba a duniya wajen hana mutane aiki. Babu mai hankalin da zai ɗora wannan duka a kan katifa; akwai shekaru, da ƙiba, da ɗaukar kaya, da zaman ofis, da ramukan hanya da ɗan acaɓa ke faɗawa. Amma ma'aikacin banki ko malamar makaranta da ta tashi da baya a sage ta je asibiti, aka sallame ta da cewa “ki sayi otofedik”, an tura ta kasuwa ne da kalmar da ba ta da ma'auni. Likitan da ba zai rubuta magani ba tare da faɗin miligiram ba, bai kamata ya rubuta katifa da sunan talla ba. Ko dai ya faɗi abin da yake nufi, wato katifar da ba ta lotsa ba, mai matsakaicin tauri, wadda ta dace da nauyin majinyaci, ko ya bar maganar.

Unguwar da ta san awo

Abin takaici shi ne a inda wannan ciniki ke gudana. Kakuri unguwa ce da aka gina a kan awo. A nan aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga Nortex, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975. Dubban mutanen da suka cika Makera da Nasarawa da Kakuri sun ci abinci ne da sanin kaurin zare, da yawan zare a inci ɗaya na yadi, da ƙarfin ɗaurin noti. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakata a 2007, amma 'ya'ya da jikokin waɗancan ma'aikata suna nan, kuma su ne ake sayar wa soso da dannawar gwiwa.

Can gaba da Sabon Tasha kuma ga matatar mai da aka buɗe a 1980, wadda ta shafe shekaru ba ta tsinana abin kirki ba. Sinadaran soso daga man fetur ake samo su, amma akasarin foliyol da TDI da masana'antun Nijeriya ke amfani da su daga waje ake shigo da su, da dala. Lokacin da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan kusan naira 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni. Mai yin katifa ya tsinci kansa tsakanin zaɓi biyu: ya ninka farashi ya rasa masu saye, ko ya rage sinadari ya bar inci yadda yake. Burodi idan ya ƙanƙance kowa zai gani. Katifa kuwa tana iya rasa sulusin nauyinta ba tare da ta rasa ko rabin inci ba. Inda jarabawar ha'inci ta kai haka, kuma babu mai gani, dogaro da tsoron Allah na kowane ɗan kasuwa shi kaɗai sakaci ne.

Masana tattalin arziki sun san ƙarshen irin wannan kasuwa. A 1970 George Akerlof ya yi bayani a kan cinikin tsofaffin motoci, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001: idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da marar kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, don haka mai kaya na gari ko dai ya bar kasuwa ko ya sauko ya bi sahun 'yan ha'inci. Ke nan wanda rashin bayani ya fi cuta bayan mai saye shi ne mai masana'antar da ke aiki da gaskiya. Yana zuba kilo 25, maƙwabcinsa yana zuba 14, dukansu a cikin leda inci goma ne.

Za a ce ai akwai sunaye sanannu, mutum ya bi suna ya huta. Gaskiya ne akwai su, kuma suna da tarihi. Vitafoam tana nan tun 1962. Mouka ta samo tushe daga kasuwancin iyalin Moukarim a Kano a 1959, tana da masana'anta a Kaduna, daga baya ta koma hannun kamfanin Dolidol na Maroko. Manyan kamfanoni suna da dilolinsu, suna ba da garanti, suna kuma kasa kayansu aji-aji. Sai dai suna kariya ce mai rami biyu. Na farko, a ƙarƙashin suna ɗaya akwai katifar ɗalibi da katifar mai jiki, kuma mai saye da ya riƙe sunan kawai bai san wacce aka ɗora masa a keke ba. Na biyu, sunan a kan yadi yake, yadi kuwa tela ke ɗinka shi. Tsohon soso da aka wanke aka sake wa riga, ko soson banza da aka lulluɓe da tambarin wani, abu ne da kamfanonin kansu suka daɗe suna kuka da shi. Wanda ya yi rashin sa'a yakan kai gida har da kuɗin cizo kyauta.

Hukuncin ya riga masana'antar

Babu buƙatar a je Turai neman ƙa'idar da ta dace da wannan ciniki. Malaman fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa, sun tattauna ainihin matsalar tun fiye da shekara dubu da suka wuce. Asali ba a sayar da abin da mai saye bai san halinsa ba, domin akwai garari a ciki. Amma fatake kan zo da dilar tufafi a ɗaure, kuma kwance kowace dila a gaban kowane mai taya zai ɓata kayan. Sai Imamu Malik, a cikin Muwaɗɗa, ya halatta sayar da irin wannan dila a rufe bisa abin da ake kira barnamaj, wato takardar da ta lissafa abin da ke ciki da siffofinsa. Idan aka buɗe aka tarar kaya sun dace da takarda, ciniki ya tabbata. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane ɗalibin ilimi a Arewa ya karanta, ita ma ta kawo wannan hukunci. Katifar da aka ɗinke aka sa a leda dila ce a ɗaure. Abin da ya halatta cinikinta shi ne takardar siffa. An riƙe rangwamen sayarwa a rufe, an jefar da sharaɗinsa.

Labarin da Imamu Muslim ya ruwaito ma kamar a kan wannan kasuwa aka yi shi: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci na sayarwa, ya cusa hannu ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai kayan a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. Mazauna Sabon Tasha da Narayi, waɗanda yawancinsu Kirista ne, ba su rasa makamancin wannan ba, domin Littafi Mai Tsarki ya maimaita tsinuwa a kan ma'aunin zamba. A wannan batu masallaci da coci bakinsu ɗaya ne, amma da wuya a ji wa'azin da ya sauko daga maganar mudu da tiya ya taɓa soso.

Dokar zamani ma ba ta yi shiru ba. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin ma'aunin kayan da ake ƙerawa, tana kuma da shirin MANCAP na tantance kayan cikin gida. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta haifar da hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun bayani a harshe mai sauƙi, ta haramta siffanta kaya da abin da zai yaudare shi, ta kuma ba shi damar mai da kaya marasa inganci cikin wata uku. Rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit, cewa kayan da aka fita da su ba a dawowa da su, ba shi da ƙarfin soke wannan haƙƙi. Sai dai wata uku ya yi wa katifa kaɗan. Soson da aka rage wa sinadari ya iya cinye wata uku yana tsaye. A wata na takwas ko na goma ne ramin ke bayyana, lokacin rasit ya ɓata, mai shago ya ce nauyin maigida ne ya yi yawa. Haƙƙin mai da kaya ihu ne bayan hari. Abin da zai yi aiki shi ne bayanin da ke manne da katifar tun kafin a biya kuɗi.

Wasu ƙasashe sun bi ta nan. A farkon ƙarni na 20 jihohin Amurka suka fara tilasta ɗinka wata 'yar takarda a gefen kowace katifa mai bayyana abin da aka cusa a ciki, saboda masu sana'ar suna cusa tsummokara da dattin da aka kwaso ko'ina. Takardar tana nan har yau, kuma laifi ne mai sayarwa ya cire ta. A Ingila gobarar kantin Woolworths na Manchester a 1979, wadda ta kashe mutum goma, akasari da hayaƙin soson kujeru, tana cikin abubuwan da suka kai ga dokar 1988 a kan juriyar kayan ɗaki ga wuta. Soso yana kamawa da sauri, kuma hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ke sumar da mutum kafin harshen wuta ya iso shi. A garin da ake ɗauke wutar lantarki a kunna kyandir, a kunna maganin sauro a gindin gado, a shigar da kaskon gawayi ɗaki lokacin hunturu, gargaɗin wuta a jikin katifa bai kamata ya zama abin roƙo ba.

Abin da ake nema bai da yawa. A ɗinka a jikin kowace katifa, ba a kan leda ba: densitin kowane soso da ke ciki, nauyin katifar gaba ɗaya da kilo, yawan garin da aka ƙara idan an ƙara, da ranar da aka yi ta tare da sunan masana'anta da adireshinta. Kowane shago ya rataya sikeli. Za a ce mai jabun tambari zai yi jabun wannan takarda ma. Zai yi. Amma akwai bambanci babba tsakanin ƙaryar da ba a iya kamawa da wadda ake iya kamawa. “Mai inganci ce” ba ta da hukunci. “Kilo 25” kuwa sikeli na iya ƙaryata ta a cikin minti ɗaya, jami'in SON na iya yanka gunduwa ya kai ɗakin gwaji, alƙali na iya yanke hukunci a kanta.

Za a kuma ce talaka ba shi da kuɗin densiti 29, tilasta bayani zai kore shi daga kasuwa. Babu wanda ya ce a hana sayar da soso mai araha. Ɗalibin da zai yi shekara biyu a ɗakin kwana, ko mai neman katifar baƙi, yana da damar sayen mai kilo 16 da saninsa, a kan kuɗin kilo 16. Abin da bai halatta ba shi ne ya biya kuɗin 25 a ba shi 16. Kuma talaka ne ya fi kowa buƙatar lissafin. A ƙaddara katifa ɗaya naira dubu ɗari ce ta mutu a shekara biyu, ɗaya kuma dubu ɗari biyu ta kai shekara takwas: ta farko ta ci naira 137 kowane dare, ta biyu ba ta kai 70 ba. Mai kuɗi idan an cuce shi gobe zai sake wata. Marar shi zai ci gaba da kwana a ramin, yana cusa tsofaffin zannuwa a ƙarƙashi.

Masu saye su ma suna da nasu kason laifin, kuma ba a ganinsa a fili kamar lokacin aure. A al'adar Bahaushe gado da katifa suna wuyan iyayen amarya. Ranar jere dangi da ƙawaye za su cika ɗaki, 'yan ganin ɗaki za su biyo baya, kuma abin da za su tafi suna faɗa shi ne tsayin katifa. Uba ya ci bashi, uwa ta kwashe adashinta, aka sayo inci ashirin domin kada a ce an gaza. Babu wadda za ta fita daga ɗakin amarya tana cewa sosonta kilo talatin ne. Kasuwa kuwa abin da ake yabo take kawowa: an nemi tsayi, ta ba da tsayi. Kafin amarya ta yaye ɗan fari katifar ta zama kwarin da goyo da ciwon ƙugu suka haɗu a ciki, kuma kunya ba za ta bar ta ta ce kayan da iyayenta suka yi mata ba su da kyau ba. Kakanninta da suka kwana a kan katifar audugar rimi sun fi ta sanin abin da suke kai, domin a gabansu ake cusa ta, idan ta kwanta a farke a shanya a ƙara.

Waɗanda suka fi kowa ikon juya kasuwar su ne masu saye da yawa. Makarantun kwana, asibitoci, otal-otal na Barnawa, barikoki, duk katifu suke saye da ɗaruruwa, kuma masu rubuta takardun kwangilarsu akawu ne da injiniyoyi da lauyoyi masu ilimi. Gwamnatin Kano, a auren gata na watan Oktoban 2023, ta aurar da ma'aurata 1,800, kowace amarya da gadonta da katifarta. Duk hukumar da ke sayen katifa da irin wannan yawa tana iya rubuta densiti da nauyi a cikin sharuɗɗan kwangila, ta zaɓi guda biyar daga cikin lodin ta ɗora a sikeli, ta farke ɗaya kafin ta sa hannu a biya. Masana'antar da ta saba buga lambobin nan domin babban mai saye ba za ta sha wahalar buga su domin ƙarami ba.

Kafin a kai can, magidancin da ya tsaya a gaban shago a Television yana da abin yi wanda bai fi ƙarfinsa ba. Ya tafi da ƙaramin sikelin rataye irin na masu sayar da gas, ya auna, ya gwada da lissafin da aka kawo a sama. Ya cire takalmi ya kwanta a kan katifar minti goma a yadda ya saba kwana, ko da yaran shago za su yi masa dariya. Ya sayi daga dilan da kamfanin ya amince da shi, ya karɓi katin garanti da hatimi. Sa'an nan ya nemi mai shago ya rubuta a kan rasit, da hannunsa, ajin katifar da densitinta da nauyin jikin da aka yi ta dominsa. Wani zai rubuta nan take. Wani zai ce sai ya kira dila ya tambaya, wanda shi ma ci gaba ne. Wani kuma zai ajiye biro, ya ce Alhaji ya cika bincike, ya fara rage kuɗi tun ba a taya ba.